Sabon Albarushi a Tsohuwar Bindiga

A Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai akwai rukunin masu sha'awar harbi waɗanda bindigar zamani ba ta gabansu, domin abin da suke nema shi ne tsofaffin bindigogin soja da na farauta da aka ƙera tsakanin shekarun 1860 da 1890, irin waɗanda ake buɗe gindinsu a saka harsashi guda, a harba, a fitar da kwanson, sannan a sake saka wani. Da yake masana'antu sun daɗe da daina yin yawancin harsasan da waɗannan bindigogi ke ci, kuma 'yan kaɗan da suka rage a kasuwa tsadarsu ta fi ƙarfin mutane da yawa, masu bindigogin kan haɗa harsashinsu da hannu a gida. A nan ne wata tambaya take tasowa wadda aka shafe fiye da shekara 100 ana ja-in-ja a kanta, wato ko ya dace a ɗura albarushin zamani marar hayaƙi a bindigar da maƙeranta ba su san wani albarushi ba sai baƙi. Duk wanda ya bi maganar a tsanake zai tarar cewa hukuncin yana wuyan bindigar kanta, domin ƙarfen da aka narka a zamanin Sarauniya Biktoriya bai ƙara ƙwari ba don an ƙirƙiro sabon albarushi bayansa, hasali ma shekaru da tsatsa sun rage masa ɗan ƙwarin da yake da shi.

Harsashin irin wannan bindiga yana da sassa huɗu. Akwai kwanso na tagulla wanda ke riƙe da komai, akwai makunni, wato ɗan ƙaramin murfi mai sinadarin da ke yin tartsatsi idan aka doke shi, wanda ke zaune a tsakiyar gindin kwanson, akwai albarushi, sannan akwai ƙwayar dalma da ke fita ta bakin bindiga. A cikinsu kwanson ne ya fi tsada, kuma shi kaɗai ne ba ya ƙarewa da harbi ɗaya, shi ya sa mafarautan ɓaunar Amurka na shekarun 1870, waɗanda ke yin watanni a daji nesa da kanti, sukan tafi da dalma da albarushi da makunnai, su zuba ƙwaya a bakin wuta, su sake cika kwansunansu. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal mai sayar da kayan wannan aiki, kamfanin Lyman ya gaje shi a 1925, kuma littafin jagorar da Lyman ke bugawa har yau yana cikin waɗanda masu haɗa harsashi suka fi dogara da su. Abin mamaki kuwa, makunnin da ya fi sauƙin cirewa da sauyawa, wanda Amurkawa suka runguma, Kanar Edward Boxer na Birtaniya ne ya ƙirƙiro shi, alhali wanda Hiram Berdan Ba'amurke ya ƙirƙiro, mai wuyar cirewa, shi ne ya mamaye Turai.

Baƙin albarushi, wanda shi ne dai irin da maharban ƙasar Hausa ke ɗura wa bindigar toka, gauraye ne na gishirin potasiyam naitiret da gawayi da farar wuta. Idan ya kama wuta, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iskar gas, sai dai ya fita a matsayin farin hayaƙi mai kauri, ko ya manne a cikin bututu ya zama baƙar dauɗa mai jan damshi, wadda take soma cin ƙarfe idan ba a wanke ta da ruwa a ranar ba. Wannan rashin kuzari, wanda aibi ne a fagen fama, shi ne kuma kariyar mai harbi. Harsashin da sojojin Amurka suka ɗauka a 1873 ya isa misali. Cikakken sunansa .45-70-405, kuma kowace lamba tana da ma'ana: faɗin ƙwayar kashi 45 cikin 100 na inci ne, albarushin giren 70 ne, nauyin ƙwayar kuma giren 405. Giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne wanda 70 ɗinsa ke daidai da giram 4 da rabi, ƙwayar kuwa ta ɗan haura giram 26, kuma tana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 400 a daƙiƙa. An ƙera kwanson daidai da wannan adadi, ta yadda albarushin zai cika shi har ƙwayar ta zauna a kansa ta danne shi, saboda haka ko da mai haɗawa ya shagala ya so ya zuba awo biyu, na biyun zubewa zai yi a kan tebur ya tona masa kuskurensa.

Albarushi marar hayaƙi daga wani gida dabam ya fito. A 1846 masanin sinadarai Christian Friedrich Schönbein ya gano cewa auduga da aka jiƙa a ruwan asid mai ƙarfi tana zama abu mai cin wuta nan take, amma an yi shekaru kusan 40 ba a iya sarrafa ta a bindiga ba, har sai da Paul Vieille na Faransa ya narkar da ita ya mayar da ita ƙananan ɓarɓashi masu tauri a 1884. Faransa ta ƙera bindigar Lebel a 1886 domin wannan albarushi, Alfred Nobel ya fito da nasa a 1887, Frederick Abel da James Dewar suka samar wa Birtaniya kodayit a 1889, wanda ake yi dogo-dogo kamar zare. Cikin shekara goma duk wata bindigar soja mai cin baƙin albarushi ta zama tsohon yayi, kuma Amurkawa sun ɗanɗana hakan a Kuba a 1898, inda rundunonin 'yan sa-kai masu riƙe da tsohuwar bindigar Springfield mai cin baƙin albarushi suka riƙa tona matsugunansu da hayaƙinsu, alhali sojojin Sifen masu bindigar Mauser ba a ganin inda harbinsu ke fitowa.

Bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin albarusan biyu yana cikin yadda suke cin wuta. Albarushi marar hayaƙi kusan dukkansa yake rikiɗewa ya zama gas, kuma ƙarfinsa ya kai kusan ninki uku na baƙin idan nauyinsu ɗaya, amma abin da ya fi wannan haɗari shi ne saurin ƙonewarsa yana ƙaruwa gwargwadon matsin da ke kewaye da shi. A fili, idan aka kunna masa wuta, ci yake yi a hankali, alhali baƙin albarushi wulgawa yake yi gaba ɗaya. A rufaffen wuri kuwa, gas ɗin farko yana ɗaga matsi, matsin yana hanzarta ƙonewa, ƙonewar tana ƙara gas, haka abin ke bin kansa a cikin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa. Sakamakon haka ƙarin albarushi kaɗan, ko ƙwaya mai ɗan nauyi, ko tura ƙwayar can cikin kwanso fiye da kima, kowanne yana iya ɗaga matsin nesa da abin da mutum zai zata. Baƙin albarushi bai damu da matsi haka ba, shi ya sa magabata suke auna shi da mazubi kawai, alhali marar hayaƙi sai da sikeli mai gane kashi ɗaya cikin goma na giren.

Daga nan ne kuskuren da ya fi kowanne fasa tsofaffin bindigogi yake fitowa. Kwanson da aka yi domin giren 70 ko 85 na baƙin albarushi babban rami ne, kuma awon da ya dace na albarushi marar hayaƙi, musamman mai saurin ci irin na ƙaramar bindiga, can ƙasa yake kwanciya ya bar sarari mai yawa, har ma awo biyu su shiga ba tare da ido ya lura ba. Saboda haka ƙwararren mai haɗa harsashi ba ya ajiye gwangwani fiye da ɗaya a kan teburinsa, yakan kife kwansunan da ba a cika ba a gefe guda, ya ɗauko ɗaya, ya auna albarushin a sikeli, ya zuba ta mazurari, ya tsayar da shi a cikin wani katako mai ramuka 50, kuma idan katakon ya cika ba ya ɗora ƙwaya ko guda sai ya ɗauki tocila ya bi layi-layi yana leƙa kowane kwanso domin ya tabbatar tsayin albarushin ɗaya ne a cikinsu duka. Wanda aka katse masa aiki da sallama ko kiran waya, ƙa'ida ita ce ya juye kwanson da ke hannunsa ya sake daga farko.

Ana auna matsin da ke tasowa a cikin bindiga ta hanya biyu. A tsohuwar hanya ana huda bututun gwaji a sa ɗan guntun jan ƙarfe wanda gas zai danne, sai a auna yawan lotsewar da ya yi, kuma lambar da ake samu ana kiranta CUP. A sabuwar hanya na'urar lantarki ce ke karanta matsin kai tsaye da ma'aunin psi, wato nauyin fam nawa ke danna kowane murabba'in inci. Lambobin biyu ba ɗaya ba ne, kuma babu wani lissafi amintacce da ke mayar da ɗaya zuwa ɗaya a kowane harsashi. Ƙungiyar masana'antun makamai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade wa .45-70 iyakar psi 28,000, alhali harsashin zamani irin .308 Winchester yana kai 62,000. Tayar mota kuwa, domin a gane girman lambobin, ba ta cika wuce psi 35 ba. Littattafan jagora sukan raba bayanin .45-70 gida uku, na tsohuwar Springfield da makamantanta, da na bindigogi masu hannun juyawa irin Marlin 1895, da na ƙaƙƙarfan bindigogin zamani irin Ruger No. 1, kuma Lyman ya tsayar da rukunin farko a kusan CUP 18,000. Harsasan rukunonin uku kamanninsu ɗaya ne a ido, kuma kowannensu yana shiga gurbin kowace bindiga ba tare da turjiya ba, abin da ya sa rubuta bayani a jikin kowane kwali ya zama wajibi.

Su kansu bindigogin ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wannan ne wurin da mai son hukunci guda ɗaya ga dukkansu yake ɓata. Springfield ta 1873, wadda Erskine Allin ya tsara tushenta, marufin gindinta ɗagawa yake yi sama ya faɗa gaba a kan maɗauri, kuma ɗan ƙaramin sakata ne ke riƙe da shi a lokacin harbi, don haka ana lissafa ta cikin masu rauni. Bindigar Remington mai marufi mai mirginawa, wadda Denmak da Suwidin da Sifen da Masar suka saya da yawa, marufinta yana juyawa ne a kan wani ƙaton ƙusa, gudumar bindigar kuma ta tokare shi daga baya a kan ƙusa na biyu. Tsari ne mai sauƙi da juriya, amma idan ƙusoshin suka cinye sai marufin ya riƙa karkata baya a lokacin harbi. Wannan ita ce bindigar da mayaƙan Mahadi suka kwashe da yawa daga hannun rundunar Masar bayan yaƙin Shaikan a Sudan a 1883. Kamfanin Remington da kansa, da ya zo yin samfurin da zai ci harsashi marar hayaƙi a ƙarshen shekarun 1890, ingantaccen ƙarfe ya yi amfani da shi, kuma hakan shaida ce cewa bai amince tsohon samfurin zai ɗauka ba. Sharps ta 1874 da Winchester ta 1885 mai dogayen kafaɗu, wadda John Browning ya ƙirƙiro, marufinsu sauka yake yi a tsaye cikin tsagi mai kauri, kuma su ne ake ɗauka mafi ƙarfi. Bindigar Ballard kuwa wasu samfuranta an yi gidansu da zubin ƙarfe, wasu da ƙarfen da aka daka, kuma a waje suna kama da juna ƙwarai alhali na zubin yana iya tsagewa ba tare da gargaɗi ba.

Martini-Henry ta Birtaniya, wadda aka ɗauka a 1871 kuma ta yi suna a yaƙin Zulu na 1879, tana buƙatar ƙarin bayani, domin mutane kan kafa hujja da cewa gwamnatin Birtaniya ta mayar da dubbanta zuwa harsashin .303 mai kodayit a shekarun 1890, saboda haka tana da ƙarfi. Gidan bindigar yana da ƙarfi, babu shakka, amma waɗanda aka mayar ɗin an sa musu sabon bututu an kuma gyara marufinsu, sannan gindin harsashin .303 ya fi na asali ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙarfin da ke tura marufi baya shi ne matsi a ninka shi da faɗin cikin gindin kwanso, don haka matsin da ƙaramin kwanso zai ɗauka lafiya yana iya zama nauyi mai yawa a ƙaton kwanson .577/450, wanda aka yi domin giren 85 na baƙin albarushi da ƙwaya mai giren 480. Wadda ta gabace ta, Snider ta 1866, tsohuwar bindigar da ake ɗurawa ta baki ce aka yanke gindinta aka sa mata ƙyaure, kuma ita ce dakarun Kamfanin Neja suka riƙe a yaƙin Bida na 1897. Bututunta na ƙarfen da aka yi domin zamanin da ya gabata ne, kuma tana cikin waɗanda masu hankali suka fi barin su a kan baƙin albarushi.

Bayan tsari sai ingancin ƙarfen. Hanyar Bessemer ta samar da ƙarfe mai yawa da araha ta fito ne a 1856, kuma bututun bindigogin wancan zamani ƙarfe ne mai laushi wanda ake iya samun zaren dattin narki a cikinsa, gidajensu kuma sau da yawa ana binne su ne a cikin gawayin ƙashi a gasa, ta yadda fatar waje za ta yi tauri cikin ya zauna da taushi. Ƙarfe mai gaurayen nikel, wanda Winchester ta fara sa wa bututu a tsakiyar shekarun 1890 har tana buga sanarwa a jikinsa cewa an yi shi musamman domin albarushi marar hayaƙi, bai riski yawancin waɗannan bindigogi ba. A kan wannan kuma akwai gajiyar ƙarfe, wato yadda ƙananan tsagogin da ido ba ya gani suke faɗaɗa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka matsa wa ƙarfe, har ranar da zai karye a ƙarƙashin nauyin da ya saba ɗauka. Wannan ne dalilin da ya sa maganar wanda ya ce ya harba irin wannan haɗi sau ɗari ba abin da ya faru ba ta da nauyin hujja. Gidajen gwajin bindiga na Birtaniya, na Landan da ya samo asali a 1637 da na Birmingham da aka kafa a 1813, sukan harba kowace bindiga da awon da ya wuce kima kafin su buga mata hatimi, kuma da albarushi marar hayaƙi ya yaɗu sai suka ware masa hatimi na dabam, domin hatimin baƙin albarushi ba ya ba da shaida a kan abin da ba a gwada ba. Amurka ba ta da dokar tilasta irin wannan gwaji.

Asalin bindigar ma abin bincike ne. A 2003 wasu 'yan kasuwar Amurka suka sayo dubban tsofaffin makamai da suka yi fiye da ƙarni a jibge a wata tsohuwar fada a Katmandu ta ƙasar Nepal, kuma a cikinsu akwai Martini na gaske ƙirar Ingila, akwai kuma samfuran da aka ƙera da hannu a Nepal, irin Gahendra, waɗanda masana da yawa ke ba da shawarar a rataye su a bango kawai. Haka nan maƙeran Darra Adam Khel, kusa da mashigar Khaibar a Pakistan, sun daɗe suna kwaikwayon Martini da duk ƙarfen da ya zo hannu, har da hatiman Birtaniya, kuma akan gane su ne ta harafin da aka buga a juye cikin sunan Enfield, ko tambarin Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta biyo bayan rasuwarta a 1901.

Wani tarko kuma shi ne dogara da alamun matsi. Mai haɗa harsashin bindigar zamani ya saba duba kwanson da ya harba, idan ya ga makunnin ya baje ko kwanson ya yi wuyar fita sai ya san ya kusa iyaka. Waɗannan alamu ba sa bayyana sai matsi ya kai inda tagulla ke soma miƙa wuya, kuma wannan wuri ya ninka abin da tsohuwar Springfield ko Snider za ta jure, saboda haka kwanso na iya fitowa sumul alhali bindigar tana shan abin da ya fi ƙarfinta. Na'urar auna gudun ƙwaya ta fi taimako, domin idan gudun ya wuce na harsashin asali to an shiga wurin da ba a sani ba, amma ita ma ba ta faɗin matsi, tun da albarushi mai saurin ci yana iya kaiwa ƙololuwar matsi mai tsanani ya kuma ba da gudu kaɗan. Ga kuma tsinken da ke dukan makunni, wanda a tsofaffin bindigogi yake da kauri kuma raminsa yake da faɗi. Idan matsi ya hau, makunnin kan kumbura ya shige ramin ko ya huje, gas mai zafi ya biyo baya ta wajen fuskar mai harbi.

Ƙwayar ma tana da nata sha'ani. Cikin bututun bindiga akwai tsagogi masu murɗawa waɗanda ke sa ƙwaya juyawa domin ta tafi a miƙe, kuma maƙeran da ba su cika damuwa da daidaita faɗin bututu sosai ba, saboda bugun farko na baƙin albarushi yana kumbura dalma mai laushi ta cika tsagogin da kanta. Albarushi marar hayaƙi a ƙaramin matsi ba ya yin wannan aiki yadda ya kamata, sai gas ya riƙa zurarewa ta gefen ƙwayar yana narkar da ita yana shafe bututun da dalma, harbin kuma ya warwatse. Maganin da aka sani shi ne auna bututun: a shafa masa mai, a ɗora dunƙulen dalma zalla wanda ya ɗan fi bakin faɗi, a buga shi ciki da gudumar roba, a tura shi da sandar tagulla har ya faɗo ta gindi a kan tsumma, sannan a auna shatar tsagogin da ta fito a jikinsa. Bututun Springfield da ya kamata ya zama inci .458 sau da yawa yakan haura .460, kuma da yake tsagoginsa uku ne, babu biyu da ke fuskantar juna, aunawar ma sai da dabara. Ƙwaya mai rigar jan ƙarfe irin ta zamani tana ƙara matsi tana kuma cinye bututu mai laushi da sauri, don haka dalma ita ce abincin waɗannan bindigogi.

Sararin da ke saura a cikin kwanso ya haifar da wata doguwar muhawara. Albarushin da ke yawo a babban kwanso yana ƙonewa dabam idan ya taru kusa da makunni da kuma idan ya gangara wajen ƙwaya, sai wasu suka riƙa cusa auduga ko kwali domin su tsare shi a gindi. An sha samun bindigogin da wani zobe ya fito a cikin gurbin harsashinsu, daidai inda gindin ƙwaya yake zama, har kwanso ya riƙa maƙalewa, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, abin da aka cusa ɗin tare da gas sukan yi tsalle a cikin sararin su doki gindin ƙwayar, matsin ya taru a wuri guda ya tura ƙarfen waje. Wannan lahani ba ya gyaruwa sai da sauya bututu ko yi masa sabon ciki, abin da ke zubar da darajar bindigar tarihi. Rage albarushi fiye da kima shi ma ba mafita ba ne, domin ƙwaya tana iya tsayawa a tsakiyar bututu, kuma harbi na gaba a kanta ya isa ya kumbura bututun ko ya fasa shi.

Duk da haka, masu amfani da albarushi marar hayaƙi suna da dalilansu, kuma ba na banza ba ne. Wanke bindiga da kwansuna da ruwa bayan kowane harbi aiki ne, filayen harbi na cikin gini ba sa son hayaƙi, sannan dokokin ajiya da sufuri sun fi tsananta wa baƙin albarushi, har kantuna da yawa suka daina ajiye shi. A 2021 ma kamfanin Hodgdon ya sanar da rufe masana'antar GOEX da ke jihar Luwiziyana, wadda ita kaɗai ke yin sa a Amurka, kafin wani kamfani ya saye ta. Tarihi ma yana ba su ɗan goyon baya, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu sun sayar da albarushi marar hayaƙi mai ƙaton jiki wanda ake auna shi da mazubin baƙin albarushi, kamfanin Kynoch na Birmingham ya yi harsashin Martini da kodayit, kuma harsashin .45-70 na yau da kullum da manyan kamfanonin Amurka ke sayarwa marar hayaƙi ne da aka sassauta saboda tsofaffin bindigogi. Daga baya ma an samar da nau'o'i irin su Accurate 5744 da Trail Boss waɗanda aka tsara domin manyan kwansuna a ƙaramin matsi. Abin da ya raba waɗannan da aikin ɗan koyo shi ne bututun gwaji: masana'anta ta auna matsin kafin ta sayar, shi kuwa mai tebur a gida ba shi da abin aunawa sai littafi.

Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da daidai yana da sharuɗɗa. Idan harsashin yana cikin waɗanda ɗakunan gwaji suka buga musu bayani, kamar .45-70, kuma maƙerin da ya san tsofaffin bindigogi ya kwance bindigar ya duba ta, har da gwajin maganaɗisu mai tona ɓoyayyun tsagogi, kuma mai ita ya tsaya a rukunin farko na littafin ba tare da ya nemi gudun da ya wuce na asali ba, to haɗarin yana da iyaka. Idan kuwa harsashin baƙo ne wanda babu wanda ya auna masa matsi, irin yawancin harsasan sojan Turai masu faɗin milimita 11, to awon da ake yaɗawa baki da baki ko a intanet ƙiyasi ne kawai, kuma baƙin albarushi ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Ribar da marar hayaƙi ke bayarwa a nan sauƙin wanki ce kaɗai, ba ƙarin ƙarfi ko daidaito ba. Gasar harbin gumakan ƙarfe ta ƙungiyar NRA ta Amurka, inda ake kayar da siffar rago daga nisan mita 500 da irin waɗannan bindigogi, ba ta ma yarda da albarushi marar hayaƙi ba.

Akwai wuri guda da maganar ba ta da sharaɗi ko kaɗan, kuma shi ne ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka ta bar ƙofa ga masu ɗurawa ta baki, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta zauna a hannun maharba har yau. Irin wannan bindiga ba ta da kwanson da zai toshe gas, tana da ramin kunnawa kusa da idon mai harbi, kuma sau da yawa bututunta ba domin harbi aka yi shi ba tun asali, saboda haka zuba mata albarushin da aka farke daga harsashin zamani, komai ƙanƙantarsa, neman fashewa ne. Haɗa harsashi a gida kuwa, wanda halal ne a dokar Amurka, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana shi in ba a wuraren da hukuma ta amince da su ba.

Dokokin ƙasashen da ake wannan sha'awa suna kallon tsufan bindiga ne, ba ƙarfinta ba. A Amurka bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana lissafa ta kayan tarihi a dokar tarayya, a Birtaniya kuma ana iya ajiye Martini-Henry ba lasisi a matsayin kayan ado, amma wanda zai harba ta sai ya nemi takardar izini. Masu son harbi da yawa sukan sayi sabuwar ƙira ta tsohon samfuri daga kamfanin Shiloh da ke jihar Montana ko Pedersoli na Italiya, wadda aka yi da ƙarfen zamani, su bar ta asali ga baƙin albarushi. Sai dai sabon ƙarfe ba ya sauya tsarin marufi, shi ya sa sabuwar Springfield ƙirar Italiya ma a rukunin farko na littafin jagora ake ajiye ta, tare da wadda aka ƙera a 1873.